Foldar Kunun Gyaɗa

Ranar Talata, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, Lubna na zaune a ofishin da take aikin wucin gadi a Wuse tana gyara wani fom na rajista, sai saƙon Marvel ya shigo wayarta. Marvel ƙawarta ce tun lokacin bautar ƙasa, 'yar garin Uke, ita ma mai rubuta manhaja. Sai dai ita ba ta zama ƙarƙashin kowa, duk wanda ya kira ta za ta je ta yi masa aiki ta wuce.

Saƙon murya ne, da Hausarta ta Abuja wadda ba ta damu da namiji ko mace ba. "Lubna, don Allah duba mini wannan. Wani kamfani ya ba ni aiki in ɗora masu manhaja a saba. Komai yana tafiya, amma in an fitar da satifiket, hoto ba ya fitowa. Tambari ba ya nan, sa hannu ba ya nan, fuskar ɗalibi ma ba ya nan. Na san ke ce oga a wannan harka."

Hotuna biyu suka biyo baya. Na farko takardar shaidar kammala karatu ce mai koren zane a gefe, rubutu duk ya zauna daidai, amma akwai gurabe uku farare fes inda ya kamata hotuna su kasance. Lubna ta tsaya tana kallon koren zanen nan, don ta san shi. Ta buɗe hoto na biyu, wanda ke nuna ƙorafin da sabar, wato babbar kwamfutar da aka ɗora manhajar a kai, ta rubuta. Layi ɗaya ne ya maimaita kansa har ƙasa, yana cewa ba a sami fayil ba, ga kuma hanyar da aka bi nemansa: ../../kunun_gyada/hotuna/tambari.png

Ta karanta sau uku. Sannan ta ajiye wayar a kan tebur, ta kife ta.

Duk garin Abuja babu wanda zai raɗa wa folda suna kunun gyaɗa sai ita. Ɗabi'arta ce tun tana jami'a, in za ta buɗe folda ta gwaji, duk abin da ke gabanta shi take sa mata. Wannan ta buɗe ta ne wata safiyar Asabar a ɗakin Mama a Kubwa, kofin kunu na gefenta yana hucewa, ranar da ta fara aikin da Yaya Rilwanu ya kawo.

Rilwanu ɗan kawunta ne, ɗan yayan Mama, ya girme ta da shekara shida. A gidansu na Zariya ya yi sakandare, shi ya fara zaunar da ita gaban kwamfuta ya nuna mata yadda ake riƙe linzami. Bai iya rubuta manhaja ba, amma Allah ya yi masa baki da sanin mutane. Bara ya zo mata da labarin wata kwalejin koyar da aikin lafiya mai zaman kanta a hanyar Gwagwalada, wadda har yanzu da hannu take liƙa hoton fasfo a takardun shaida, ana ta kuma yi mata na jabu. Ya ce ta gina abin da zai riƙa fitar da takardun da kansa, shi kuma zai nemo kwangilar, in ta faɗa sai su yi wa kamfani rajista da sunansu su biyu. Ba su rubuta komai ba. Bai ma zo mata a rai cewa akwai abin rubutawa ba.

Wata biyar ta yi tana aikin, Asabar da Lahadi da duk wani hutu. A ƙarshen Janairu wani kamfani a Legas ya kira ta aiki na dindindin, ta shawarce shi, ya ce ta dakata, abinsu ya kusa nuna. Ta rubuta musu ta ba su haƙuri. A Fabrairu ya ari laftof ɗinta na yini guda don ya nuna wa magatakardan kwalejin. A Afrilu kuma ya zo gida da yamma, ya zauna a tabarmar Mama kansa a sunkuye, ya ce hukumar makarantar ta fasa.

Lubna ta ɗauki wayar ta kira Marvel.

"Wane kamfani ne ya ba ki aikin nan?"

"Kure Fasaha, a Jabi. Mai shi Lukman Kure, amma wani oga Rilwanu ne yake kirana. Kin gane matsalan?"

"Na gane. Yaushe suke son sa?"

"Asabar ne bikin yaye. Ɗalibai ɗari huɗu da wani abu. Oga Rilwanu ya kira ni sau bakwai yau."

"Kada ki taɓa komai tukuna, zan neme ki."

Ta nemi izini a wurin shugabanta ta ce wani uzuri ya taso a gida. Motar haya ta sauke ta kusa da tashar Jabi, ta bi ta tsakanin masu rake da masu turaren wuta tana duba adireshin da Marvel ta turo. Ofishin na hawa na biyu, saman wani shagon tayoyi. Ɗaki ne guda mai sabon fenti, tebur biyu, da na'urar sanyaya ɗaki da ba a ko cire ledarta ba. Rilwanu shi kaɗai ne a ciki, waya a kunne. Da ya gan ta sai ya katse kiran ba tare da sallama ba.

"Lubna. Wa ya nuna miki nan?"

"Sannu da aiki, Yaya. Ya Anti Zakiyya da jiki?"

"Da sauƙi. Zauna mana."

Ba ta zauna ba. Ta buɗe hoton ta miƙa masa wayar. Ya duba, ya sake dubawa, ta ga bai fahimci abin da take nuna masa ba, sai ta sa yatsa a kan kalmomin.

"Sunan foldata ne wannan. Aikina ne kuka ɗora."

Ya ajiye wayar a hankali. Ya cire hularsa ya shafa kai, ya mayar.

"Da ma ina neman lokacin da zan zauna da ke," in ji shi. "Abin ba yadda kike zato ba ne. Da na kai musu, sai aka ce mini ba a shiga wurin nan sai da hanya. Kawun Lukman na cikin hukumar. Lukman ya ce zai shigar da mu, amma mutum biyu kawai, ba ya son harka da dangi. A ƙarshe-ƙarshe ne abin ya juya haka, ban da yadda zan yi. Na ce in komai ya kankama zan yi miki abin da za ki ji daɗi."

"Ba abin da za ka yi mini na zo tambaya ba. Ranar da ka zo gida ka ce an fasa, ka tuna abin da na ce maka?"

Ya sake gyara zaman hularsa.

"Haƙuri na ba ka, Yaya. Na ce kada ka sa damuwa a ranka, Allah bai yi ba ne. Har na raka ka bakin mota ina jin tausayinka, ina cewa duk zirga-zirgar da ka yi ta tashi a banza."

"Lubna, ke kina da abin yi a hannunki. Duk inda kika je za a ɗauke ki. Ni me nake da shi? Shekara arba'in ta kusa, iyali na ƙaruwa, ban da komai sai bakin nan. Dama ce ta zo sau ɗaya."

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne, ta ga da gaske yake faɗa. Ya riga ya zauna ya yi wa kansa wannan bayani tuntuni, ya kuma gamsu da shi. Ta miƙa hannu ta ɗauki wayarta.

"Tsaya," ya ce. "Tunda Allah ya kawo ki, ki taimaka ki duba mana abin nan. A kwamfutar Lukman komai yana fitowa lafiya lau, sai da aka kai saba ya lalace. In Asabar ta zo a haka na shiga uku."

Ta dube shi har sai da ya kau da kai.

"Ka san me ya sa yake fitowa a ta Lukman? Saboda yadda ka kwashe shi daga tawa haka ka zuba masa, har da foldar gwajin da ke gefe. Tsohon aiki ka ɗauka. Sati biyu bayan ka dawo mini da laftof na gyara wannan matsalar. Da ka tambaye ni da na ba ka sabon."

Ta juya ta sauko matakala. A ƙasa wani mai lemo ya ce, "Hajiya a yanka?" Ta girgiza kai ta wuce.

Da ta koma gida ba ta faɗa wa Mama komai ba. Ta yi la'asar, ta zauna a bakin gado, ta kira Marvel ta ba ta labari daga farko.

"Wallahi ban sani ba," in ji Marvel. "Ya ce mini injiniyoyinsu na Legas ne suka rubuta, wai sun yi tafiya. Bari in ajiye masu aikin, su je su nema wani."

"A'a, ke ba ruwanki."

"To me za ki yi? Ni abin da ya dame ni yaran nan ne. Magatakardan ya ce wasu suna da intabiyu ranar Litinin, sai da satifiket."

Lubna ta ce za ta neme ta, ta kashe wayar. Gaskiyar magana, wani ɓangare na zuciyarta yana son Asabar ɗin ta zo a haka, a kira suna a miƙa takarda babu fuska babu tambari, Rilwanu na tsaye a gefe cikin babbar riga. Ta hango hakan sarai, ta kuma ji daɗin hangen. Ba ta ma buƙatar yin komai, shirunta kaɗai ya isa, don ko Marvel ta gano gyaran, akwai wasu wurare biyu a tsohon aikin da za su sake karyewa, ita kaɗai ta san su. Amma ta san jerin sunayen ɗaliban nan. Da shi ta yi gwaji wata da watanni, har ta haddace wasu.

Washegari da sassafe ta ɗauki laftof ɗinta ta kama hanyar Gwagwalada. Kwalejin na can ciki bayan gonakin doya, gini uku da masallaci ƙarami da coci a ɗaya gefen. Magatakardan, Malam Obadiah, dattijo ne siriri mai gilashi a wuya, Hausarsa tsaf. A teburin da ke wajen ofishinsa mata biyu na zaune da kwalin hotunan fasfo da robar gam, suna jera su bisa haruffa.

"Shirin ko-ta-kwana muke," ya ce da ya ga tana kallonsu. "In na'ura ta ƙi, mu koma yadda muka saba. 'Yata, me ke tafe da ke?"

Ta gaya masa ko ita wace ce. Ta buɗe laftof ta nuna masa tarihin aikin, kowane gyara da ranarsa da sunanta a gefe, tun daga safiyar Asabar ɗin farko. Ya sa gilashi ya bi layukan da yatsa, bai katse ta ba. Da ta gama sai ya jawo wani fayil daga durowa ya buɗe.

"Ni dai abin da nake da shi ke nan. Yarjejeniya tsakaninmu da kamfanin Kure, ga hannun Lukman, ga na Rilwanu. Sunanki ba ya ciki. Rigimarku ba zan iya raba ta ba, ba hurumina ba ne."

Ya juyo mata da takardar. Idonta ya sauka kan kwanan watan da ke saman shafin. Tara ga Janairu.

Ta tsaya tana lissafin kwanaki. Sati uku kafin ta kira shi kan maganar Legas ya ce ta dakata. Wata guda kafin ya ari laftof. Ashe ba a ƙarshe-ƙarshe abin ya juya ba. Lokacin da yake zuwa Kubwa ranar Lahadi da tsire a leda, yana tsayawa a bayanta yana cewa "ƙanwata injiniya", hannunsa na kan takardar nan tuni. Ya bar ta ta ƙi aikin Legas ne don kada ta tafi ba ta gama masa ba.

"Lafiya dai?" Malam Obadiah ya tambaya. "A kawo miki ruwa?"

"A kawo, Baba. Na gode."

Ta sha ruwan. Ta ɗan jima tana kallon matan nan biyu ta ƙofa, ɗaya na karanto suna, ɗaya na lalubo hoto. Sannan ta kira Marvel ta ce ta buɗe mata hanyar shiga sabar.

Malam Obadiah ya jawo kujera kusa da ita, ya ce yana son ya san abin da ya hana shi barci kwana huɗu. Ta yi masa bayani tana aiki. Ta ce takardar ba ta ɗauke da hoton a jikinta, kwatance kawai ake ba ta na inda zai samu. Ɗigo biyu da sandar nan da ke farkon kwatancen na nufin a koma baya folda ɗaya, an rubuta sau biyu, wato a koma baya sau biyu sannan a shiga ta hotuna. Irin wannan kwatance yana aiki ne kawai in an fara daga inda mai rubutawa ya fara. A kwamfutarta manhajar na zaune a gefen foldar gwaji, to tana komawa baya sai ta same ta. A saba kuwa, ɓangaren da ke haɗa takardar daga wani wuri dabam yake tashi, ya koma baya sau biyu ya tarar babu komai, sai ya bar gurbin fari ya ci gaba.

"To maganin fa?"

"A dawo da hotunan cikin manhajar kanta, sannan a faɗa wa mai haɗa takardar takamaiman inda zai fara ƙirge, ko'ina aka ɗora shi. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Minti ashirin ta yi, har da sauran wurare biyun. Ba ta ɗora musu sabon aikinta ba, iya abin da zai fitar da takardun Asabar ta gyara. Ta danna sunan farko da ya zo hannunta, firinta ta yi ƙara ta turo takarda. Tambarin kwalejin ya zauna a sama, hannun shugaba a ƙasa, a gefen dama kuma fuskar wata yarinya mai suna Muhibba Saleh cikin farin hijabi, ta ɗan ɗaure fuska irin ta hoton fasfo. Matan nan biyu suka taso suka karɓa suna juya ta, ɗaya ta ce ai 'yar ajin ungozoma ce, mai yawan surutu.

Kafin ta tafi Malam Obadiah ya sa aka buga wasiƙa a takardar kwaleji, cewa ranar kaza Lubna Nazeer ta zo ta nuna masa shaidar ita ta gina manhajar, ta kuma gyara ta a gabansa. Ya sa hannu ya buga hatimi. Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, amma in wata makaranta ta tambaye shi wa ya yi musu aiki, ya san sunan da zai faɗa.

Labari ya riga ta isa gida. Magatakardan ya kira Lukman ya yi masa tambayoyi, Lukman ya juye wa Rilwanu, Rilwanu ya kira mahaifinsa a Zariya. Tana shiga ta tarar Mama na zaune da waya a cinya.

"Yanzu kawunki ya gama magana da ni," in ji Mama. "Ya ce kin je har wurin aikin ɗan'uwanki kin tozarta shi gaban baƙi."

Lubna ta zauna a ƙasa ta faɗa mata komai, har da kwanan watan. Mama ta saurara, fuskarta ta canza da aka zo maganar Legas, don ita ma ta sa baki a lokacin ta ce a bi shawarar Rilwanu.

"Bai kyauta ba," ta ce. "Ko kaɗan bai kyauta ba. Amma da kin kawo maganar gida tukuna. Yayana ne, Lubna, shi ya riƙe mu da babanki ya rasu. Ki yi haƙuri ki kira shi ki ba shi haƙuri, don ni."

"Kawu zan kira, ko Yaya Rilwanu?"

"Kawunki."

Ta kira Kawu da magariba. Ya yi faɗa ta saurara, ta ce Allah ya huci zuciyarsa. Bai tambaye ta abin da ya faru ba, ita ma ba ta faɗa ba. Rilwanu kuwa bai kira ba, ba a ranar ba, ba bayan an yi bikin yaye lafiya ba. Marvel ce ta turo mata hoton da kamfanin ya sa a shafinsa, shi da Lukman a tsaye da shugaban kwalejin, an rubuta godiya ga ƙwararrun ma'aikatansu.

Bayan wata biyu ta yi wa nata kamfanin rajista, sunanta ita kaɗai. Aikin farko ya zo daga wata makarantar sakandare a Kuje, shugabar ta ce wani dattijo ne a Gwagwalada ya ba ta lambarta. Kafin ta rubuta ko layi ɗaya sai da aka sa hannu a takarda, Marvel ta zama shaida.

A watan Agusta Zakiyya matar Rilwanu ta haihu, Mama ta ce dole su je suna. Lubna ta sayi atamfa da kayan jariri, ta shiga cikin mata ta zauna. Zakiyya ta karɓe ta da fara'a, da alama ba ta san komai ba, ko kuma ta zaɓi kada ta sani. Aka miƙo mata jaririyar ta riƙe, yarinya mai gashi da yawa, tana ta motsa baki cikin barci. Can ta jiyo muryar Rilwanu a tsakar gida yana yi wa abokansa iso, yana dariya. Ta yi wa yarinyar addu'a, ta miƙa ta ga matar da ke kusa, ta raɗa wa Mama cewa za ta jira ta a mota. Ta ƙofar baya ta fita, inda masu girki ke kwashe shinkafa, ɗaya ta bi ta da kular abinci tana cewa ai ba a tafiya haka. Ta karɓa ta yi godiya.